Kukan Sauro a Cikin Sarewar Yaya

Zuwa ga 'yata Injiniya,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kuna lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan lafiya, in ban da gwiwa da ke tuna mini shekaruna duk sanda na hau matakalar shago. Maiɗakina tana gaishe ki, ta ce in tambaya ko har yanzu a tsaye kike cin abinci.

Kin tambaya ko zan iya kwafo miki busar mahaifinki daga na'urarsa. Tunda kina 'yar shekara tara kuka bar mu, bari in gaya miki wanda kike tambaya. Aji uku na yi a sakandare na fito. Ba wanda ya koya mini riƙe ƙarfen dalma, rediyon mutane huɗu na kashe kafin na tayar da na biyar. Teburin da nake aiki a kai ni na sassaƙa shi, wayar wutar shagon nan ni na ja ta. Zanen cikin na'ura a littattafan da aka zubar na koyi karanta shi, da ƙamus a gefe. Shekara talatin da huɗu, babu fiyanon lantarki ko amsa-kuwwar da ta shigo shagona a mace ta fita a mace, sai wadda gobara ta ci. Ba ubangida, ba takardar shaida a bango. Don haka zan iya.

Mahaifiyarki ta aiko da samfular Yaya, wato na'urar da yake ɗaukar sauti da ita ya kaɗa a kan makullan fiyano, da katon ɗin faya-fayanta. Na ƙirga, ɗari da goma sha biyu ne, kowanne da rubutun hannunsa. Ni da mahaifinki 'ya'yan wa da ƙani ne, amma ban taɓa kiransa da wani suna ba sai Yaya. Ina wurin lokacin da yake busa sarewarsa a cikinta, murya ɗaya bayan ɗaya, don ranar da ƙirjinsa ya ƙi, yatsunsa su yi masa busar.

Ga yadda aikin yake, don kada ki ƙosa. Kwamfutar da nake da ita ba ta karanta faya-fayan nan, sai ita na'urar kaɗai. Ƙwaƙwalwarta kuwa faifai ɗaya take ɗauka, sautin daƙiƙa ashirin, in an ɗauke wuta ta manta. Ƙofar da sautin zai fita yana lambobi, ba tare da ya ɓaci ba, ɗaya ce: wayar midi mai fil biyar. An yi wayar ne don ta ce wa wata na'ura "danna nan, saki can", ba don dakon kaya ba. Sai ta ƙulla ɗan ƙunshi ta miƙa, ta tsaya sai kwamfuta ta ce ta karɓa, sannan ta ƙulla wani. Faifai ɗaya rabin awa, in ba ta yi tuntuɓe ba. In ta yi, daga farko. Waɗanda suka ƙera ta ba su sa maɓallin tura duka ba, dole in tsaya in danna wa kowane sauti nasa, in kuma kwafe saitinsa da biro daga wani allo mai layi biyu. Bayan faifai biyu ta yi zafi, sai a bar ta ta huce.

Ga goma na farko a katin ajiyar sauti da ke cikin ambulan ɗin nan. Ki amsa a takarda. Wayar tarho tana haɗiye mini rabin magana.

Baffanki

*

Baffa,

Na gaishe ka da gwiwa, Allah ya ƙara sauƙi. Ka ce wa Inna yanzu a zaune nake ci, amma a gaban kwamfuta.

A ofis na buɗe katin. Da na ji busar farko, tashi na yi na shiga banɗaki na rufe ƙofa. Shekara goma sha ɗaya rabona da jin numfashin Baba. Yara sun saurara a gida, ƙaramin ya ce wai kakansu tsuntsu ne.

Amma Baffa, faifai goma a wata guda? Na lissafa, duk abin da ke cikin katon ɗin bai kai nauyin hoto talatin na waya ba. A haka sai mu kusa shekara, kuma ka san faya-fayan ba jira za su yi ba. A kamfanin da nake aiki irin waɗannan kayan kiɗan muke zanawa, muna da ɗakin da ake ajiye tsofaffin na'urori. Na yi wa wani abokin aikina bayani, ya ce in za ka aiko da na'urar da katon ɗin, za su yi shi yadda ya kamata cikin kwana biyu. Ka huta, ka koma kan aikin masu shago. Me ka gani?

'Yarka

*

Injiniya,

Bayan gaisuwa, takardarki ta iso, kowa lafiya. Gwiwa tana nan inda take.

"Yadda ya kamata." Na karanta layin nan har takardar ta yi laushi. Ashe goman da na aiko ba yadda ya kamata aka yi su ba. Ki gaishe da abokin aikin naki. Ki tambaye shi ko ya taɓa yanka roba ya yi wa injin faifai bel da hannunsa, domin belin na'urar nan narkewa ya yi ya zama kamar kwalta, ni na kankare shi da tsinke. Ki tambaye shi ko ya san sai an ɗan karkata ta hagu take karɓar faifai. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Na'urar Yaya ba za ta hau mota ta hau jirgi ta je hannun wanda bai san mai ita ba.

Sauri kike so, na samo miki sauri. Na bar wayar midi da rarrafenta. A bayan na'urar akwai ramin da sauti ke fita zuwa lasifika. Nan na jona na'urar naɗi, in ɗora faifai, in danna makullan da yatsana, in naɗa kamar yadda ake naɗar waƙa. Daƙiƙa ashirin ta zama daƙiƙa ashirin, ba rabin awa ba. Na saurara da kunnena, tas yake fita. Cikin kwana huɗu na yi talatin, ga su a kati. Wannan dabarar ba a aji aka ba ni ita ba.

In kina da ja, ki faɗa. In na ji shiru, zan ɗauka kin yarda in ci gaba.

Baffanki

*

Injiniya,

Gaisuwa. Sati bakwai ke nan ba amsa. Maiɗakina ta ce ko fushi kike, na ce wanda ya samu abin da yake so ba ya yawan magana. Na jira sati uku, sannan na ci gaba. Ga wasu arba'in. Goma ta waya, saba'in ta sabuwar hanya, saura talatin da biyu, su ma da na gama in ba don wani mai coci da ya kawo fiyano uku a rana ɗaya ba.

Faya-fayan sun tsufa fiye da yadda na zata. Wasu in na fitar da su sai in ga ɗan gari ja-ja a bakin injin, fatar faifan ce take zuba. Ina gogewa da auduga bayan kowanne. Na gaji, ba zan ɓoye miki ba. Ko layi biyu ne ki rubuto.

Baffanki

*

Baffa,

Ka yi mini afuwa. Gida muka sauya, takardunka biyu suka zauna a akwatin tsohon gidan, sai jiya maƙwabciyarmu ta dā ta kawo mini su tare. Da na ga ta farko a kan lokaci, da a ranar zan amsa. Lafiyarmu ƙalau.

Don Allah ka tsaya. Kada ka ɗora ko faifai ɗaya kafin ka gama karanta wannan.

Duk saba'in ɗin da aka naɗa ta ramin lasifika akwai wani siririn kuka a kansu, can sama, kamar sauro a ɗaki. Ba ya cikin goman farko. Na gwada cire shi da kayan aikinmu, yana fita, amma yana tafiya da iskar bakin Baba, sarewar ta koma kamar ta roba. Wanda ya fi damuna shi ne faifai na hamsin da takwas. Ba busa ba ce, muryarsa ce yana kirana ina ƙarama, ina amsawa, yana dariya. Ban san ya ɗauki wannan ba. Sauron yana bisa dariyar daga farko har ƙarshe. In ma ba a samu komai ba, wannan ɗaya nake so a tsabtace.

Maganar "yadda ya kamata", wallahi kayan aiki nake nufi, ba hannunka ba. Goman farko babu abin da za a ƙara musu. Ni ce na sa ka gaggawa, na sani.

Baffa, akwai wanda zai zauna ya saurara tare da kai?

'Yarka

*

Injiniya,

Mun gaishe ku, Allah ya sa alheri a sabon gida.

Na saurari naɗin na hamsin da takwas sau goma, da lasifika, da na kunne. Babu sauro, babu ƙuda. Ki duba kayan sauraronku, sababbin nan ba duka ke da gaskiya ba. Wanda zai saurara tare da ni kuma, wato mai duba aikina kike so a ɗauko. Kunnen nan shi ya ciyar da gida shekara talatin da huɗu. Makaɗa na zuwa daga nesa don in gaya musu abin da ke damun kayansu tun kafin in kwance ƙusa ɗaya.

Na tsaya kamar yadda kika ce. Na rufe na'urar da zane.

Baffanki

*

'Yata,

Sallama. Wata biyu ban rubuto ba, kin aiko takarda biyu ban amsa ba. Lafiyata lau, kunya ce ta riƙe mini hannu.

Bayan waccan takardar da kwana shida, na buɗe na'urar da rana don in ƙara tabbatar wa kaina. Maiɗakina ta kawo mini abinci shago. Tana bakin ƙofa ta yamutsa fuska, ta ce, "Wai har yanzu ba ka kashe wa abin nan sauronsa ba?"

Na ce wane sauro. Ta ajiye kwanon ta dube ni. Ta ce tun ranar da aka kawo na'urar take jin sa yana soke mata kunne, ta ɗauka na sani, kuma ita ba ta isa ta koya mini sana'ata ba, tunda wanda ya gwada a baya bai ji da daɗi ba. Na ce ta matso ta nuna mini inda yake fitowa. Ta zagaya teburin, ta ɗora yatsa a gefen allon.

Na jona na'urar da ke zana sauti a gilashi. Ga shi nan, ƙananan haƙora a jere a kan layin, na gan shi da idona, kunnena bai ce komai ba. Wata 'yar naɗin waya ce da ke ba fitilar allon wuta. Masu ƙirar sun dasa ta dab da hanyar da sauti ke bi zuwa ramin lasifika, tazarar bai kai faɗin yatsa ba. Tana sabuwa ba ta da murya, da ta tsufa ta fara kuka. Wayar midi lambobi take ɗauka, kukan ba ya shiga cikinsu. Shi ya sa goman farko suka fita lafiya.

Na je asibiti. Suka sa mini abin sauraro na kunne, suka ce in ɗaga hannu duk sanda na ji ƙara. Na zauna hannuna a cinya ina jira su fara, ashe sun daɗe da farawa. Likitar ta ce saman jina ya tafi, wato na daina jin siraran sautuka, kuma ba bana ba. Ke nan shekarun nan da ido da sabo nake gyara, ina cewa kunne ne. Wayar tarho ma ba ita ke haɗiye magana ba.

Na koma kan wayar midi. Na cire wa fitilar wuta, amma ko da haka ba zan sake naɗa ta ramin lasifika ba, don ba ni da abin da zan auna shi da shi. Ita wayar ba ta neman kunnena, kwamfuta ce ke cewa ta karɓa. Da tocila nake karanta allon yanzu. Faifai biyu da safe, in ta huce ɗaya da la'asar. Na fara da talatin da biyun da ban taɓa ba, sun fita duka. Saura saba'in ɗin, kuma su ne abin tsoro, domin kowane karatu yana cin fatar faifai, ni kuwa na riga na kashe musu karatu ɗaya a banza.

Na hamsin da takwas ban taɓa shi ba. Na ɗaga shi a haske, akwai zobe a jikinsa inda injin ya kankara. In kin ce a aiko muku, zan naɗe na'urar da bargo in aiko. Ba zan yi musu ba.

Baffanki

*

Baffa,

Na karanta takardarka sau biyu, na biyun da ƙarfi, don maigidana ya ji. Allah ya ba ka lafiya. Akwai abin sawa a kunne da ke taimakawa, za mu yi maganarsa in ka yarda. Ka gode wa Inna.

Kada ka aiko. Na nuna wa abokin aikina hoton zoben, ya ce faifan da ke zubar da fata ba a sa shi a hanya, zafi da girgiza za su ƙarasa shi. Ya ce da a farko ne, da wataƙila. Yanzu injin da ya saba da su shi ne gatansu. Ka gwada na hamsin da takwas ranar da hankalinka ya kwanta. Abin da ya fito, shi ne rabonmu.

Wani ɗakin ajiyar sauti a nan ya ce zai karɓi kwafin busar Baba ya adana. Sun ba ni fom. Akwai gurbin mai busa, na cike. Akwai gurbin wanda ya kwafo sautin daga na'ura, da gurbin bayanin lahani in akwai. Na bar su fili. Bayan abin da ya faru ban san ko za ka so a ambace ka ba, kuma ba na son in sake rubuta layin da zai ɓata maka rai.

'Yarka

*

'Yata Injiniya,

Gaisuwa gare ku duka. Gwiwa da sauƙi, baya ne ya karɓe ta, saboda tsayuwa a kan maɓalli.

Na gama jiya da azahar. Sittin da bakwai cikin saba'in sun fita ta waya, tsaf, da saitinsu a littafi, shafi casa'in da huɗu da hannuna. Littafin yana cikin ƙunshin nan tare da katin.

Uku sun mutu: na arba'in da ɗaya, na sittin da uku, da na hamsin da takwas.

Shi na bari ƙarshe. Na goge injin sau uku, na bar na'urar ta huce kwana guda, na kulle shago don kada kowa ya shigo. Maiɗakina ta zauna a kujerar masu jira, ta ce ita ce kunnen. Na karkata na'urar hagu na sa shi. Ya juya, ya juya, ƙidayar allon ta kai rabi ta tsaya. Ta ce tana jin wani ƙaƙas-ƙaƙas. Na fitar da shi, zoben ya zama fari, ana ganin haske ta cikinsa. Karatu ɗaya ya rage masa a duniya, kuma na kashe shi ranar da nake son in nuna wa wani mutum da ban taɓa gani ba cewa ni ma na iya sauri. Da na aiko lokacin da kika ce, ko da na yi haƙuri da rarrafen wayar, da kin samu dariyar mahaifinki tas. Yanzu sai wadda sauro ke kai. Kada ki cire shi in zai tafi da muryar.

Maganar fom. Kada ki bar gurbin nan fili, kuma kada ki sa sunan kamfaninku. Ki rubuta sunana cikakke, da na mahaifina, harafi bayan harafi yadda na rubuta miki a bangon littafin, a ƙarƙashin na Yaya. Ki sa: faifai ɗari da goma sha biyu, ya fitar da ɗari da tara ta wayar midi, shi kaɗai, cikin wata goma sha ɗaya. A gurbin lahani kuma ki sa lambobin ukun nan, ki ce kukan da ke kansu ba daga sarewa yake ba, ba daga bakin mai busa ba, daga gaggawar mai kwafa ne. Nan ma ki sa sunana. Ba na so wani ya zo bayan shekara hamsin ya saurara ya ce haka Yaya yake busa.

In sun buga takardar, ki aiko mini kwafi in gani da idona.

Baffanki, mai gyaran kayan kiɗa